Akwatin Malam: abin da ruwan Agege ya ci da abin da ya bari

A Agege aka haife ni, a nan na yi wayo, a nan kuma nake har yau da furfura ta cika mini kai. Kakana ne ya fara zuwa Ikko, wato Legas, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. Da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai fatauci ya sauya hanya, mutanen da iyayensu suka saba kora jakuna zuwa Gwanja suka koma shiga jirgi suna sauka inda goro yake, wato Agege da Shagamu da garuruwan kewaye. Goro ne ya kawo shi, amma almajiri ne kafin ya zama falke. A cikin kayan da ya sauka da su akwai gafaka, a cikinta akwai Alƙur'ani da ya rubuta da hannunsa bayan ya yi sauka ya kuma haddace.

Wannan gafaka ita ce ta haifi akwatin da muka taso muna kira akwatin Malam, wato mahaifinmu. Na ƙarfe ne, irin na da, a ƙarƙashin gadon mahaifina yake zama. Bayan Alƙur'anin kaka, akwai littattafan da su biyun suka yi karatu da su, su Ahalari da Iziyya da Risala da Ishiriniya, duk rubutun hannu, gefen shafuka cike da fassarar da malamansu suka yi musu da ƙananan baƙaƙe. Akwai waƙoƙin wa'azi na ajami. Akwai wasiƙun ciniki da abokan hulɗa suka aiko daga Kano da Sakkwato, wane ya karɓi huhu kaza, wane ya ce goron bana ya yi sankara a hanya. Akwai kuma wata takarda guda da aka rubuta haihuwar kowa a gidanmu, da ranar, da watan Musulunci.

Idan azumi ya gabato mahaifina yakan fito da akwatin ya sha iska. Mu yara ba ma taɓawa sai da alwala, shi ma ɗin sai ya ce a taɓa. Ba ɗinkakken littafi ba ne irin na yanzu. Warƙa-warƙa ne a tsakanin tadarishi, a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, domin ko iska ta watsa su a iya mayar da kowace wurinta. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, bisa ruwayar Warshu da muka gada. Wata rana ya ɗaga warƙa ɗaya ya saita ta da rana ya ce in duba. Sai ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, ba rubutawa aka yi ba, da ita aka yi su. Ya ce Larabawa ne ke kawo irinta Kano ta Tarabulus, su ratso Sahara da ita a kan raƙuma. Sai da na girma na san cewa a Italiya ake yin ta.

Ni boko na yi har sakandare, sannan na shiga goro. Karatun littattafai na taɓa kaɗan, ban yi nisa ba. Ƙanena shi ne ya yi zurfi, ya koma Arewa ya zauna yana koyarwa. Duk da haka, da ciwon ajali ya kama mahaifinmu a 2009, ni ya kira ya nuna mini ƙarƙashin gadon ya ce, "Kai ne a gida, kai za ka riƙe wannan." Bayan rasuwarsa na bar akwatin inda ya bar shi, a ɗakin da ya shekara da shekaru a ciki ruwa bai taɓa shiga ba.

Ranar Lahadi 10 ga Yuli 2011 ruwa ya sauko a Legas tun da safe, bai ɗauke ba har dare. Duk wanda ke garin ya san ranar. Magudanan ruwa suka cika suka tumbatsa, titi ya zama kogi, an yi asarar rayuka a unguwanni da dama. A gidanmu ruwan ya fara da tsakar gida, kafin mu ankara ya kai gwiwa, sannan ya kai ƙugu. Abin da kowa zai yi shi na yi: na fara da mahaifiyata tsohuwa, na goya ta zuwa benen maƙwabcinmu Bayarabe, Allah ya saka masa da alheri, na dawo na kwashi yara. Lokacin da na koma ɗakin Malam katifa tana yawo a kan ruwa. Na nutsa hannu na jawo akwatin, da na ɗaga shi ruwa na zuba ta ramukan da tsatsa ta ci, kuma ruwan da ke fitowa ba kalar na waje ba ne. Baƙi ne da ja.

Sitona na goro ma ya tafi a daren. Goro ba ya son jiƙa irin wannan, cikin 'yan kwanaki ganyen ya ruɓe, goron ya bi shi. Rabin kayan kuwa na bashi ne.

Da gari ya waye muka buɗe akwatin. Wasiƙun ciniki da waƙoƙin da aka rubuta da tawadar gawayi da ƙaro sun wanke tas, ka ce ba a taɓa ɗora musu alƙalami ba. Takardar haihuwa ta narke a hannuna. Sauran muka shimfiɗa a rana kamar yadda kowa ya ba da shawara, na sama suka kanannaɗe suka kakkarye. Alƙur'anin kaka kuwa ya ƙi rabuwa. Damina ce, iska ba ta bushewa, fumfuna ta hau shi, warƙoƙin suka manne suka dunƙule kamar tubali. Na gwada ɓare ɗaya, ta yage, rabin aya ya bi wancan gefe, rabi ya tsaya a wannan. Daga nan na janye hannuna.

Ƙanena ya zo jaje. Ya ga abin da ya rage, ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Yaya, amana fa Malam ya ba ka." Bai ƙara komai ba. Ni ma ban amsa ba, don da na buɗe baki da abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Ya koma, waya ta ragu, har ta zama sai gaisuwar Sallah, ita ma ta bakin yara.

Wani malami da nake girmamawa ya ce mini takarda mai ɗauke da ayar Allah idan ta lalace ba a barin ta a wulaƙance, ko a ƙone ta ko a binne ta a wuri mai tsarki. Maganarsa daidai ce, na sani. Na yi niyya har na nemi wuri. Maiɗakina ce ta tsaya mini. Ta ce, "Alhaji, bar shi tukuna. Ba ci yake ba, ba sha yake ba." Ta samo farin ƙyalle ta naɗe dunƙulen, ta ɗora a saman sif. Nan ya zauna.

Shekarun da suka biyo baya ba na son tuna su, amma saboda su nake wannan rubutu. Na sayar da filin da na saya domin yara na biya masu goro. Na koma dillanci a kasuwar Mile 12, ina tsayawa tsakanin masu kawo albasa da masu sari, ni da a da yara ke ɗaukar mini jaka. Wannan bai dame ni sosai ba, arziki na Allah ne, na ga waɗanda suka fi ni sun faɗi sun tashi. Abin da ya cinye ni shi ne ƙyallen nan na saman sif. In na shiga ɗaki ba na ɗaga kai. Barci ya ƙaurace mini, hawan jini ya kama ni, na daina zama a majalisar ƙofar masallaci, domin a ganina kowa na kallona a matsayin wanda aka ba gadon mutum biyu ya salwantar. Babu wanda ya taɓa faɗa mini haka. Ni nake faɗa wa kaina, dare da rana. Mu Hausawa mun iya jajen dukiya, mun iya ta'aziyyar mamaci, amma wanda takardu suka lalace masa ba mu san me za mu ce masa ba, sai "Allah ya mayar da alheri." Kuma wannan ba abin da ake mayarwa ba ne.

'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce, aure ya kai ta Landan. A ƙarshen 2015 ta haihu, uwarta za ta je wankan jego, suka matsa sai na bi ta, wai in huta. Na je ba don ina so ba. Sanyin hunturu ya tsare ni a ɗaki, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, ni kuma na zauna kusa da na'urar ɗumama ɗaki ina jan carbi. Surukina yaro ne mai hankali, ashe matarsa ta ba shi labarin akwatin. Wata rana da daddare ya durƙusa ya ce, "Baba, gobe ba ni da aiki. Akwai inda nake so in kai ku." Kunya ta hana ni cewa a'a.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga muka sauka a King's Cross, muka ɗan taka a kan titin Euston zuwa wani katafaren gini na jan bulo. Shi ne British Library, babban laburaren ƙasar Birtaniya. A da wani sashe ne na gidan tarihinsu, a 1973 aka ware shi ya tsaya da kansa, wannan ginin kuma a 1998 aka buɗe shi. Doka ce duk littafin da aka buga a ƙasar a kai musu kwafi, shi ya sa yau ake lissafin abin da ke hannunsu ya haura miliyan 170, da littattafai da jaridu da taswirori da muryoyin da aka naɗa. Kana shiga za ka ga hasumiyar gilashi mai hawa shida a tsakiyar ginin, cike da littattafan Sarki George na Uku, wajen 65,000. Na tsaya na kalla, amma gaskiya bai taɓa zuciyata ba. Dukiyar sarki ce, sarki kuwa ba a mamakin abin da ya tara.

Ɗakin da suke ajiye manyan kayan tarihinsu shi ne ya kama ni, kuma shiga kyauta ne. Abin da na fara lura da shi duhu ne. Fitilun a rage suke sosai, ɗakin da ɗan sanyi, kowane littafi a cikin akwatin gilashi. Na tambayi surukina ko wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya ce da gangan ne, haske yana cin tawada yana gasa takarda, kuma suna auna danshin iskar ɗakin kada ya yi yawa kada ya yi kaɗan. Na tuna yadda muka baje takardun Malam a tsakar rana, na haɗiye abin da ya taso mini.

Muka wuce Baibul ɗin Gutenberg, wanda aka buga a Jamus wajen 1455, farkon babban littafi da Turawa suka buga da injin haruffa. Muka wuce wani Baibul na Girkanci rubutun hannu tun ƙarni na 4. Sai muka iso wurin Alƙur'anai. Akwai wani na ƙarni na 8, a kan fata, baƙaƙensa dogaye sun karkata dama, babu wasali ko ɗaya. Na matsa har numfashina yana taɓa gilashi, na yi ta lalube har na kama kalma ɗaya, daga ita ayar ta buɗe mini, na karanta a hankali. Mutumin da ya rubuta wannan bai fi tsara biyu ko uku tsakaninsa da Sahabbai ba, ga ni ɗan Agege ina karanta hannunsa. Kusa da shi akwai juzu'i daga Alƙur'anin Sarki Baibars, wanda aka rubuta a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, mujalladi bakwai, baƙaƙen duka da ruwan zinariya. Kyansa ya wuce misali. Amma na farkon, marar ado, shi ya fi tsaya mini.

Daga nan ya kai ni inda mutane suka fi taruwa, wurin wata fatar tunkiya mai ƙananan rubutun Latin. Ita ce Magna Carta, yarjejeniyar da manyan ƙasar Ingila suka tilasta wa Sarki John ya amince da ita a 1215, cewa sarki ma doka tana kansa. A shekarar da na je ta cika shekara 800. Surukina ya ce kwafi huɗu ne na asali suka rage a duniya, biyu a wannan laburare, ɗaya a Lincoln, ɗaya a Salisbury. Sai ya ciro waya ya ce, "Baba, ga ta biyun da ke hannunsu. Ita nake so ku gani."

Abin da na gani a wayar ba takarda ba ce da za a ce ana karantawa. Wata fata ce mai duhu, ta ƙanƙance, rubutun ya dushe ya zama inuwa. A 1731 gobara ta tashi a gidan da aka ajiye tarin littattafan da take ciki a Westminster, ta taɓa ta. Bayan kamar shekara ɗari wani ya zo gyara ta, gyaran ya ƙara lalata ta. Ba su yar ba. Suka ba ta lamba, suka sa ta a ma'ajiya, tsara bayan tsara suna gadon abin da ba sa iya karantawa. Sai a 2014 ma'aikatansu suka ɗauki hotonta da wata na'ura mai haska launukan haske iri-iri, har da wanda ido ba ya gani, rubutun da aka fid da rai da shi ya fito.

Na nemi benci na zauna. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe su ma wuta ta ci nasu. Mutanen da ke da wannan gini da wannan kuɗi, takardar da suka fi ji da ita ta ƙone a hannunsu, kuma ba su ɗauki kansu a matsayin maciya amana ba. Sun ɗauki abin da ya saura a matsayin amanar. Shekaru ina kuka a kan abin da ruwa ya tafi da shi, alhali abin da ya bari yana saman sif, ban ma san me ke cikinsa ba.

A lokacin suna wani baje koli na musamman a kan rubutu da waƙa a Afirka ta Yamma, wannan da kuɗi ake shiga. Muka shiga. Har sashe suka ware wa Fela, maƙwabcinmu na Ikeja, kiɗansa na tashi. Ina zagayawa sai na yi kiciɓis da wani Alƙur'ani na yankinmu, warƙa-warƙa, baƙi da ja da ɗigon rawaya, ga gafakarsa ta fata a gefe. Irin na kakana sak. Turawa da 'ya'yansu sun sunkuya suna kallo cikin natsuwa. A nan hawaye suka ƙwace mini, surukina ya juya baya ya ba ni wuri.

Ba zan ɓoye ba, akwai ɗaci a cikin abin. Ba duk kayan ƙasashenmu da ke Turai ne suka je ta hanyar da za a yi alfahari da ita ba, wasu saye aka yi, wasu kyauta, wasu kuwa ƙarfin bindiga ne ya kai su, kamar kayan Benin da aka kwashe a 1897. Wanda ya ce a dawo da irin waɗannan ina tare da shi. Sai dai na tambayi kaina, waɗanda ba wanda ya ƙwace mana fa? Nawa ne ke cikin buhuna a zaurukan Kano da Zariya da Katsina, da ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba da Obalende, gara na ci, ɗigar rufi na jiƙawa? Malamanmu sun yi rubutu ba kaɗan ba. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan littattafai, Nana Asma'u ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, bayansu kuma dubban malaman da ba a san sunansu ba sun kwafa sun yi sharhi. Mun iya girmama takarda, ba ma taɓa ta sai da alwala. Adana ta ne ba a koya mana ba.

Da na dawo gida a farkon 2016, na sa maiɗakina ta sauko da ƙyallen. Hannuna na rawa na kwance shi. Ya bushe ƙarau, fumfunar ta mutu ta bar tabo, amma a gefen dunƙulen ana ganin layukan baƙi.

Na fara da neman wanda zai nuna mini hanya. Shekara da shekaru ina wuce Laburaren Ƙasa da ke titin Herbert Macaulay a Yaba cikin mota, ban taɓa tunanin wuri ne da irina ke shiga ba. A Legas aka fara buɗe Laburaren Ƙasa a 1964 kafin hedikwatarsa ta koma Abuja, kuma mu ma muna da dokar da ta ce mai buga littafi ya kai kwafi uku a ajiye. Na shiga na ga ɗalibai sun duƙufa, na ga tsofaffin jaridu a ɗaure manya-manya. Ta hanyar tambaya, wannan ya haɗa ni da wancan, har na isa ga wani dattijo a Ibadan da ya yi ritaya daga aikin gyaran littattafai a laburaren wata jami'a. Ba Musulmi ba ne, amma da ya ji abin da ke cikin ƙyallen sai ya wanke hannu ya ce in riƙa ɗaga warƙoƙin da kaina, shi zai nuna mini yadda ake yi.

Aikin na haƙuri ne. Ba a jiƙa dunƙulen, ba a kuma ɓare shi a bushe. Ana sa shi a rufaffen wuri kusa da ɗan danshi har takardar ta saki jiki, sannan a zura wata siririyar wuƙa marar kaifi a lallaɓa. Wata rana warƙa biyu za mu raba, wata rana ko ɗaya. Shi ya bayyana mini dalilin da ya sa wasiƙun suka wanke amma Alƙur'anin bai wanke ba: tawadar gawayi da ƙaro a saman takarda take zama, ruwa na zuwa ta bi shi, amma wadda kaka ya yi amfani da ita irin mai kama jikin takarda ce. Jan wasullan ya narke ya rine shafuka da yawa, baƙin kuwa yana nan. Kalmar nan ta ƙasan shafi ita ta taimake mu muka mayar da waɗanda suka rikice.

Ya kuma gargaɗe ni da abubuwan da nake so duk mai irin wannan gado ya ji. Kada a shanya jiƙaƙƙiyar takarda a rana, a inuwa ake yi da fanka, ana sa busasshiyar farar takarda a tsakani ana canzawa. Kada a liƙa salatif a inda ya yage. Kada a kai wa masu shagon kwamfuta su manne ta cikin roba da zafi, wannan kashe ta ne, ba a iya cire ta kuma. Kada a ƙulle ta a leda, gumi take yi. A ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da bangon da ke tsattsafo. Sannan a ɗauki hoton kowane shafi, ko da waya ne, a raba wa 'yan uwa.

Fiye da rabin Alƙur'anin ya fito ana karantawa. Wani sashe daga tsakiya ya ƙi, mun bar shi a dunƙule, ban yarda a tilasta masa ba. Warƙar ƙarshe tana cikin waɗanda suka tsira. A nan kaka ya rubuta da Larabci cewa ya gama ranar Alhamis, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa da na malamin da ya yi hadda a wurinsa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Sunan mahaifin kaka ba wanda ya sani a cikinmu, yana cikin takardar haihuwar da ta narke. Ga shi ya dawo ta wata ƙofar.

Na ɗauki hoton warƙar na tura wa ƙanena ba tare da na rubuta komai ba. Bayan sallar isha'i ya kira. Muka yi shiru a waya, can ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Na ce babu komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Da hutu ya zo Legas ya zauna da mu, shi ya karanta sharhin gefen shafukan Risala da suka tsira, ya gane wane hannun Malam ne wane na kaka, abin da ni ba zan iya ba.

Har yanzu ina shan maganin hawan jini, goro kuma ban koma masa kamar da ba. Amma na koma majalisa. Da labarin ya bazu, mutane suka fara zuwa mini da nasu, wani da buhu, wani da tsohuwar jakar Makka. Ranar Lahadi bayan la'asar mukan zauna a zauren wani dattijo, samari biyu masu wayoyi masu kyau suna ɗaukar hoto, wani malami yana faɗin sunan littafi, ni ina rubutawa a rajista: na gidan wane, warƙa nawa, me ya same shi. Kowa da kayansa yake komawa gida. Mun ga ijazozi, wato takardun izinin da malami ke ba ɗalibinsa, mun ga wasiƙun ajami da suka girmi Najeriya mai 'yanci, mun kuma ga buhun da muka buɗe muka tarar gara ta riga mu. Surukina ya gaya mini cewa laburaren na Landan yana da wani shiri tun 2004 da ke ba da tallafi a ɗauki hoton takardun da ke cikin haɗari, asalin kuma ya zauna a ƙasarsa, an ma yi irin aikin a Arewa. Samarin suna duba yadda ake nema.

Abin da ya rage mana a gida shi ne inda Alƙur'anin kaka zai zauna. Iskar Legas danshi gare ta, ruwa kuma bai yi alkawarin ba zai dawo ba. Ƙanena yana ganin a kai shi Gidan Arewa a Kaduna, inda ake ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce, ko a ba shi ya tafi da shi inda iska ta fi bushewa. Ƙannenmu mata sun ce abin da ya shekara kusan ɗari a Agege ba ya barin Agege. Ni na fi karkata ga Kaduna, in dai za a rubuta cewa ajiya ce ba kyauta ba, jikokinmu su iya zuwa su gani. Mun sa ranar zama bayan Babbar Sallah. Kafin nan yana cikin kwali mai kauri a kan kanta mafi tsawo a ɗakina, hotunansa kuma suna wayar kowane ɗa da jika na gidan.